Mai Riga ko Mai Maiƙo: Wane Harsashi Ya Dace da Yadi 1,000 a Bindigar Albarushi?

Duk wanda ya sayi bindigar Sharps ko Remington irin ta da, mai cin harsashi ɗaya-ɗaya ta gindi, da niyyar shiga gasar harbin nesa, akwai tambayar da ke jiransa tun bai narka dalmar farko ba: harsashi mai zobban maiƙo zai zuba, ko sumul wanda ake naɗe wa takarda? Amsar ce za ta yanke yawan albarushin da kwanson tagulla zai ci, da ƙarfen zubin harsashin da za a saya, da yadda za a yi da dattin bututu tsakanin harbi da harbi. Wani lokaci ma ita ce za ta nuna ko bindigar da ke hannu za ta yi aikin, ko kuwa sai an sake mata bututu.

Wasan galibi na Amurkawa ne. Tushensa gasar da aka yi a filin Creedmoor da ke Long Island a watan Satumban 1874, tsakanin 'yan Ailan masu bindigogin Rigby na ɗuri ta baki da Amurkawa masu Sharps da Remington, a tazarar yadi 800 da 900 da 1,000. Amurkawa suka ci da maki 934, 'yan Ailan na da 931, kuma ɓangarorin biyu da harsashi mai rigar takarda suka yi harbin. Har yau ana irin wannan gasa a kan tazarar nan uku, misali a filin Whittington da ke Raton a jihar New Mexico. Allon da ake hari faɗinsa ƙafa shida ne, da'irar maki goma inci 20 ce, ta tsakiyarta kuma inci 10. Harsashin yakan yi kusan sakan uku a iska, ya tashi sama har ƙafa 35 zuwa 40 kafin ya fara gangarowa, kuma iskar gefe mai gudun mil 10 a awa tana iya kautar da shi kusan ƙafa goma. Ƙaramin kuskure a teburin ɗuri, a allo yake zama babba.

Kada a haɗa wannan da bindigar toka ta maharba, wadda cikinta sumul yake. Cikin bututun waɗannan kamar gonar da aka yi wa huɗa ne: akwai kunya, akwai kwari, suna tafiya a murɗe don su juya harsashi. A bindiga mai lamba .45, daga kan kunya zuwa kan kunyar da ke fuskantarta inci 0.450 ne, daga kwari zuwa kwari kuma 0.458. Duk gardamar da ke tafe a kan wannan ɗan bambanci na 0.008 take. Nauyi kuwa da giren ake auna shi. Giram ɗaya giren 15.4 ne.

Mai maiƙo: hanyar da aka fi bi

Ana zuba shi da kaurin 0.458 ko 0.459, wato ya riga ya cika kwari tun kafin a harba. A jikinsa akwai zobba uku zuwa biyar da ake cikawa da maiƙo. Nauyin da ake so don nesa giren 520 zuwa 550 ne. Lyman 457132, wanda ake kira Postell, mai giren 535, yana cikin sanannun ƙarafan zubi kuma ba shi da wuyar samu. Gaurayen da aka saba shi ne dalma kashi 20, kuza kashi 1. Maiƙon na sayarwa ne irin SPG, ko na haɗin gida: rabi kakin zuma, kashi 40 cikin ɗari daskararren man girki, kashi 10 man ganye. Abin da ba a so shi ne maiƙon da aka samo daga man fetur, domin idan ya gamu da tokar albarushi ƙwalta yake zama.

Aikin maiƙon biyu ne. Yana hana dalma liƙewa a bututu, yana kuma sa tokar albarushi ta zauna da laushi. Alamar ya wadatar ita ce bayan 'yan harbe-harbe a ga tauraron maiƙo mai danshi a bakin bindiga. In aka ga bakin a bushe, fari-fari, to maiƙon ya ƙare tun harsashi bai fita ba, kuma incin ƙarshe na bututun ya soma kama dalma. Bututu mai inci 34 ya fi fuskantar wannan a kan mai inci 30.

Kyawunsa shi ne sauƙi. Kusan duk bindigar da kamfanin Shiloh ko C. Sharps na garin Big Timber a Montana, ko Pedersoli na Italiya, suka fitar ba tare da oda ta musamman ba, ɗakin kwansonta, wato gurbin da kwanso ke zama a gindin bututu, don shi aka yanka. Kwanso yana riƙe shi daram, ana iya zuba harsasai a akwati a yi doguwar tafiya da su ba abin da zai same su. Aibinsa kuwa yana cikin kwanson. Tunda ya fi kan kunya kauri, ba ya shiga bututu sai hancinsa kawai. Sauran jikin, rabin inci ko fiye, dole ya nutse cikin kwanso ya cinye wurin albarushi. Kwanson .45-70, mai tsawon inci 2.1, bai fi ya ɗauki giren 60 zuwa 68 ba, gudun kuma ya tsaya wajen ƙafa 1,150 zuwa 1,200 a sakan. Yana kaiwa yadi 1,000, ana ma cin gasa da shi, amma iska ta fi wasa da shi. Shi ya sa masu maiƙo da yawa ke komawa .45-90 mai inci 2.4, inda giren 75 zuwa 85 ke shiga. Ga kuma zobban kansu, waɗanda ke ƙara jan iska, balle idan guntun maiƙo ya maƙale a gefe ɗaya bai fita ba.

Mai riga

Wannan ana zuba shi sumul, siriri, kauri 0.442 zuwa 0.446, sannan a naɗe shi da takarda zagaye biyu har ya kai 0.450 ko 0.451. Da yatsa ake tura shi, ya zame a kan kunyoyi da ɗan tauri kamar zobe a yatsar mai shi. Saboda haka abin da ke cikin kwanso bai wuce inci 0.100 zuwa 0.150 ba; sauran duk yana kwance cikin bututu, a miƙe, tun kafin a taɓa kunama. Idan albarushi ya kama, bugun farko yakan daki gindin harsashin kafin hancinsa ya motsa, sai dalmar ta takure ta kumbura ta cika kwari. Kunyoyi su yayyanka takardar, tana fita daga baki ta tarwatse, harsashi ya tafi tsirara.

Riba ta farko a fili take. Wannan kwanson na .45-70 yanzu zai ci giren 80 zuwa 85 na albarushin Swiss mai girman ƙwaya 1½Fg, gudun ya kai wajen ƙafa 1,250 zuwa 1,300. Ma'ana, ɗurin .45-90 a kwanso mai arha da ake samu ko'ina. Shi kuwa .45-90 da mai riga yana haura giren 95 har ya taɓa 105. A nan sai a yi hattara da kwaɗayi: .45-110 mai inci 2⅞ da harsashi mai riga albarushi ne mai yawan gaske, kuma mutumin da zai kwanta rub da ciki ya yi harbi sittin a yini kafaɗarsa za ta gaya masa. Idan ya fara runtse ido kafin ƙara ta tashi, ƙarin gudun ya tashi a banza. Ga mai riga, .45-70 ko .45-90 sun isa.

Riba ta biyu, dalma ba ta taɓa ƙarfe, don haka in rigar ta zauna daidai babu zancen liƙewa. Ta uku, jiki sumul ya fi ratsa iska. A nauyi ɗaya da gudu ɗaya, mai riga yakan buƙaci ƙarancin ɗaga saiti a yadi 1,000.

Kuɗin da ake biya shi ne aikin hannu, kuma a nan ne mutane ke faɗuwa. Fara da auna takarda: haɗa falle goma, matse su a maikiromita, raba da goma. Ana son falle mai kaurin 0.0015 zuwa 0.002, irin takardar kwafin zane mai shara-shara. Seth Cole 55W tana cikin waɗanda aka fi amfani da su. A guji takarda mai sheƙi, domin farar ƙasar da ake shafa mata tana cin bututu. Zagaye biyu na nufin falle huɗu a faɗin harsashi, biyu ta kowane gefe. Takarda mai 0.0016 za ta ƙara 0.0064, don haka harsashi mai 0.444 zai tashi 0.4504. Takarda ake fara samu, a auna bututu, sannan a yi odar ƙarfen zubi. Wanda ya juya tsarin zai yi ta yawon neman takardar da za ta dace da ƙarfen da ya riga ya saya.

Tsawon ƙyallen takardar a wannan misali kusan inci 2.81 ne. Ana yanke bakinsa biyu a karkace, da kusurwar digiri 40 zuwa 60, don kada gaɓar ta tsaya a layi ɗaya a jikin harsashi. Idan an gama naɗi, ƙarshen ya zo dab da mafarin ba tare da ya hau shi ba. Ɗan gibi kamar kaurin zare ba laifi. Hawa kuwa laifi ne, domin wurin ya zama falle uku, harsashi ya zauna a karkace. Mai naɗi da jiƙaƙƙiyar takarda ya rage tsawon da kamar inci 1/32 zuwa 1/16, saboda tana miƙewa, kuma ta fi miƙewa idan an yanka ta a gicciyen jijiyarta. Jiƙaƙƙen naɗi yana kama jiki tsam in ya bushe, ya fi jure ɗauka da ajiyewa. Busasshe ya fi sauri, ya fi saurin rabuwa da harsashi a baki, amma yana warwarewa idan aka yi masa riƙon sakainar kashi. Duka biyun ana cin gasa da su. A gindi, a bar rarar takarda kamar inci 0.08 zuwa 0.1 a lanƙwasa ta ciki, a bar ɗan fili a tsakiya. Jelar da ake murɗawa, irin ta harsasan da, sai ga mai rami a gindi. A lafaffen gindi takan zama dunƙule ta karkatar da shi.

Inda rigar ta tsaya ta sama ya fi komai muhimmanci. Ta tsaya daidai inda jiki ya fara lanƙwasa zuwa hanci. In ta gaza, dalmar da ta kumbura a gabanta za ta goga bututu, bayan harbi uku ko huɗu a ga zare-zaren azurfa a ƙyallen goge. In ta zarce, kunya ba za ta yanka saman ba, sai wani yanki ya bi harsashi, kuma harsashin da ya tafi da guntun riga ba a san inda zai sauka ba. Akwai gwaji mai sauƙi: shimfiɗa baƙin zane ƙafa kaɗan gaban bindiga, ka tsince abin da ya zuba. Sirara-siraran tsiri masu faɗin kwari, ciki da waje duk a yanke, shi ake so. Manyan ɓarɓashi da ba su yanku ba suna nuna dalma ta yi tauri ko harsashi ya yi siriri. Baƙin gefe mai ƙuna kuwa iskar wuta ce ke wucewa ta gefen gindi.

Taurin dalma sai an daidaita. Mai laushi, kamar dalma 30 da kuza 1, tana kumbura da kyau amma dogon hanci yakan sunkuya gefe guda a bugun farko. Don haka masu dogon hanci suka fi son 16 da 1, wasu har 14 da 1. Tsawon harsashi kuma ya bi murɗin bututu: mai zagaye ɗaya a inci 18 yana riƙe har wajen inci 1.45, wanda ya kai 1.5 gara a ba shi murɗin inci 16. Rami mai siffar ƙwai a allo alamar harsashin yana layi ne. Wannan dokar ta shafi mai maiƙo ma.

Ɗakin kwanso shi ne alƙali

Kafin a kashe ko sisi, a zubi ɗakin kwanso da Cerrosafe, wani gaurayen ƙarfe mai narkewa ƙasa da zafin tafasar ruwa, a ciro a auna. Ɗakin da aka yanka don mai maiƙo wuyansa wajen 0.481 ne, kuma a ƙarshen kwanso akwai tudu mai kusurwar digiri 45. Kwanson da aka harba a cikinsa bakinsa yakan buɗe zuwa 0.460, harsashin 0.450 ya riƙa rawa a ciki. Dole a ɗan tsuke bakin a kowane ɗuri, abin da ke gajiyar da tagulla ya sa a riƙa gasa ta a wuta akai-akai don ta yi laushi. Mafi muni, idan kwanson ya gaza ɗakin tsawo, gindin harsashi yakan kumbura cikin gibin, tudun nan ya yanke masa zoben takarda ya bar shi a ciki. Zoben zai hana harsashi na gaba shiga, kuma wanda ya tafi ya tafi da gurgun gindi. Maganin shi ne kwanso ya cika ɗaki har ya rage bai fi 0.005 ba, a ƙara taurin dalma, a sa faifan roba mai kaurin 0.060 a ƙarƙashin harsashi. Mutane da yawa suna samun sakamako mai kyau a haka, ba sai sun canza bututu ba.

Ɗakin da aka yanka don mai riga wuyansa wajen 0.474 ne, tudun kuma gangare ne mai sauƙi. A nan ba a matse kwanso ko kaɗan: a wanke, a sa ƙyastun da ke kunna albarushi, a zuba albarushi, a sa faifai, a dasa harsashi da yatsa. Sai dai ƙofa ce mai shiga ba fita. Harsashi mai 0.459 ba zai shiga wannan ɗaki ba har abada.

Akwai hanyoyi biyu na tsakiya. Ɗaya ita ce a naɗe harsashi mai 0.451 ko 0.452 ya kai 0.459, ya cika kwari. Wannan ya ɗauki wahalar takarda ya kuma rasa wurin albarushi, tunda shi ma nutsewa yake. Ba shi da dalili sai ga bindiga mai dogon maƙogwaro da aka yi sumul kafin kunyoyi su fara. Ɗayar ta fi hikima: harsashi mai kauri biyu, ɗan gajeren gindi da zai kai 0.459 bayan naɗi ya cika bakin kwanso, sauran jiki kuma ya tsaya a 0.450 ya hau kunya. Ga mai ɗakin maiƙo da ke son takarda, wannan ne ya fi kusa da cin riba biyu, illa dai ƙarfen zubinsa na oda ne kuma naɗi a kan tudun yana son jiƙaƙƙiyar takarda da haƙuri.

Toka

Fiye da rabin nauyin albarushi ba ya zama iska. Hayaƙi da toka yake zama. Mai maiƙo yana da zaɓi: bayan kowane harbi ya sa tiyon hurawa a gindi ya busa numfashi uku zuwa shida, danshin ya tausasa tokar. Wannan na aiki da safe ko a wuri mai laima. Da rana tsaka a busasshen wuri irin Raton, inda iska ke bushe leɓe kamar ta hunturu, bututu ya yi zafi, numfashin ba ya kai wa baki, sai a ga harbi ya fara hawa da sauka. Shi ya sa a yadi 1,000 masu maiƙon ma da yawa gogewa suke yi.

Mai riga ba shi da zaɓi. Babu maiƙo a jikinsa, kuma harsashin da zai kwanta a kan kunya ba zai shiga bututu mai toka ba sai rigar ta yage. Kowane harbi sai an goge: ruwa kashi 9 ko 10 da man da ke narkewa a ruwa kashi 1, ƙyalle biyu masu danshi, ɗaya busasshe, ko kuma a tura ɗan magogi mai burushi da zobban roba daga gindi ya faɗo ta baki, busasshen ƙyalle na biye. Adadin da danshin su zama iri ɗaya kowane karo, domin bambancin gudu na ƙafa 10 a sakan yana iya zama inci 10 ko fiye a allo. Sannan a tsane ɗakin kwanso sarai. Ɗigon ruwa ɗaya yana jiƙa riga ta tsage, kuma jiƙaƙƙen ɗaki yana sa kwanso ya miƙe har ya rabe biyu, rabi ya tafi cikin bututu.

Wajen ɗuri ba su da bambanci sosai. A auna albarushi a sikeli, a zuba ta dogon mazurari mai inci 24 zuwa 36 don ya zauna, a sa faifai, a danne da ƙarfen danni ba da harsashi ba. Swiss yana son ɗan danni, 0.05 zuwa 0.1, albarushin Goex yakan so fiye. Kada a bar fili tsakanin albarushi da harsashi ko kaɗan, don yana iya kumbura ɗakin. Kuma mai riga na kan kunya da baƙin albarushi kaɗai yake aiki. Na zamani marar hayaƙi ba ya bugun da zai kumbura shi, ban da haɗarin da yake da shi a tsohon ƙarfe.

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Sabon shiga ya fara da mai maiƙo, ko da takarda ce burinsa. Zubi mai kyau da nauyinsa bai kauce rabin giren ba, karatun iska da kawalwalniya, riƙon bindiga iri ɗaya: waɗannan sun isa aiki a shekarar farko, kuma idan harbi ya watse zai san inda zai duba. Haka ma mai gasar gumakan ƙarfe, inda kaji ke mita 200, aladu 300, talo-talo 385, raguna 500, kuma ana da kusan minti ɗaya ga kowane harbi. A wannan tazara ƙarin albarushi ba ya ƙara maki sosai, bindigar kuma ba ta wuce kilo biyar da rabi, don haka dukan kafaɗa ya fi yawa.

Wanda ke da .45-70 kuma yadi 800 zuwa 1,000 yake so, ya riga ya saba goge bututu, to mai riga ne nasa, kuma ya fi sayen sabuwar bindiga arha nesa ba kusa ba: ƙarfen zubi ɗaya, naɗin takarda ɗaya, da allon yanka. In ɗakinsa mai faɗin wuya ne ya yanka zobe duk da dogon kwanso, ya koma mai kauri biyu. Mai .45-90 da ke harba maiƙo yana samun maki masu kyau ba shi da dalilin gaggawa. Ribar da zai samu 'yar kaɗan ce a ranar iska. Wanda kuma zai yi odar sabon bututu don gasa irin ta Creedmoor zalla, ya nemi murɗin inci 16, tsawon inci 32 zuwa 34, kwanson 2.1 ko 2.4, ya kuma aika wa maƙerin kwanso biyar na irin da zai yi amfani da su, don a yanka wuyan ɗakin daidai da kaurin tagullarsu.